Ko Mutuwa Takan Warware Amana?

Sa'ad da mutum biyu suka haɗa jari, ɗaya ya rasu, me ya wajaba a kan wanda ya rage? Idan kayan shinkafa ne ko atamfa, amsar mai sauƙi ce: a sayar, a raba kuɗin. Amma akwai kayan da ba sa sayuwa da wuri, a nan ne ake gane halin mutum.

A ɗauki misalin abokai biyu masu sayar da littattafan tarihi a Nima, cikin Ankara, babban birnin Gana. Ɗaya yana zaman tebur, ɗaya kuwa yana zagayawa da jaka daga Maamobi har Agbogbloshie, wurin 'yan albasa, kafin a mai da kasuwarsu Adjen Kotoku a 2021. Mai albasa yana tsoron ruɓewa, amma kowane gida yana bukatar kayansa. Littafin tarihi yakan shekara a tebur yana jiran mutum ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ga littafin Paul Lovejoy a kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda aka buga a Zariya a 1980. Labarin kakannin mutanen zango ne, amma da Turanci aka rubuta shi, dattawa da yawa kuwa Larabci da ajami suke karantawa. Ɗaliban jami'a da suka iya Turanci sukan ari irinsa a laburare. Mai so ba ya iya karantawa, mai iyawa ba shi da kuɗi.

Sai mai zagayawar nan ya rasu. Shi ne ya san malamin da yake neman labarin Salaga, shi ne ya san wanda ya karɓi littafi bashi, ba a kuwa rubuta kome ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Banda baƙin ciki, wanda ya rage yana da kuɗin haya da abincin yara a kansa. Matar marigayin ba ta san darajar kayan ba. Idan ya ce mata tarin tsofaffin takardu ne, za ta yarda. Idan ya auna su a sikeli ya sayar wa masu ƙunshe gyaɗa, ba mai tuhumarsa.

Wani zai ce alkawarin ya ƙare, tun da wanda aka yi da shi ba ya nan. Amma rabon marigayi bai bi shi kabari ba, ya koma hannun gwauruwa da marayu, waɗanda ba su da ƙarfin bincike. Amanar da ake riƙewa don ido kawai, tsoro ce. Allah kuwa ya san lissafin da ba a rubuta ba.

Hakika ba a ce lalle ya ci gaba da sana'ar har iyalinsa su kwana da yunwa ba. Abin da ya wajaba shi ne ya ƙirga littattafan a gaban shaidu, ya faɗi farashinsu na gaskiya, ya kai rabon marayu duk lokacin da aka sayi ɗaya. Waɗanda suka ƙi sayuwa, ya nemi yardar iyalin ya kai su makaranta ko laburare. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, amma har yanzu ana karanta tarihin da ya rubuta da ajami, domin waɗansu sun adana takardunsa ba don riba ba.

Masu haɗa jari kuma su lura. Abokan nan suna sayar da tarihin mutanen dā, amma ba su rubuta nasu ciniki ba. Gara a sayi ƙaramin littafin lissafi tun duka biyu suna da rai.