Shin Dukiyar Makaranta Ba Ta Da Mai Ita Ne?

'Yar'uwa mai karatu, bari in fara da wata tambaya wadda ta daɗe tana damuna. Matar da ba za ta iya ɗaukar ko allurar maƙwabciyarta ba sai da izini, me ya sa idan mijinta ya karɓi kwangilar gina ajujuwa huɗu, ya gina biyu, ya cinye kuɗin sauran, sai ta ce wai Allah ne ya buɗa masa? A wurinmu sata ita ce ɗaukar kayan wanda muka san fuskarsa. Kuɗin gwamnati kuwa, tunda ba mu ga mai kuka a kansa ba, sai muka ɗauke shi tamkar tsintuwa.

To, ai akwai mai kukan. Ki leƙa makarantar firamaren gwamnati a unguwarku da hantsi, za ki gan shi zaune a ƙasa, littafi a kan cinya, rufin ajin ya yaye tun daminar bara. Shi ne mai kuɗin, sai dai bai san nasa ba ne, balle ya bi sawu.

Kullum amsar da ake ba mu ita ce babu kuɗi. Ban musa ba, akwai ƙaranci, domin birane irin su Kano da Kaduna suna cika da jama'a fiye da yadda ake ƙara ajujuwa. Amma ki duba wannan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki. Sharaɗin kawai shi ne jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi na tarayya. Shekara da shekaru biliyoyin naira sun yi ta zama a hannun hukumar UBEC, saboda jihohi da dama ba su kawo nasu kason ba. Wanda aka ce ya kawo ƙwarya a zuba masa, ya ƙi, yaya zai ce da yaransa babu hatsi a gari?

Akwai kuma cin amanar da ba a lissafa shi da naira. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, ni ma ban ji daɗin ganin magidanta sun rasa abinci ba. Sai dai tambayar da ba mu so a yi ita ce: ta wace ƙofa wasunsu suka shigo? Sau nawa mu mata muka ɗauki mayafi muka tafi gidan wani babba neman alfarmar a ɗauki ƙaninmu aikin koyarwa, alhali mun san wasiƙa ma ba ya iya rubutawa daidai? Mun kira shi zumunci. Yara sittin ko fiye ne za su biya wannan zumuncin kowace shekara, har ya yi ritaya.

Inda abin ya fi yi mini wuya shi ne malamar da albashinta ba ya kai ta tsakiyar wata, ta bar aji ta zaga sayar da atamfa a ofis-ofis. Ba zan haɗa ta da ɗan kwangila ba, ita ma an zalunce ta. Amma ramuwar tata a kan wa ta faɗa? Ba kan wanda ya danne mata haƙƙi ba, domin 'ya'yansa suna makarantar kuɗi. Kan ɗan mai tura ruwa ta faɗa, wanda bai ci mata komai ba.

Mu ma da muka samu hali mun kwashe namu, muka bar makarantar ga waɗanda ba a jin muryarsu. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin iyaye da al'umma, kuma akwai gurbin mata a ciki. Idan an kira taro na gaba, ki je ko da ba ki da ɗa a wurin. Ki tambayi hedimasta malamai nawa ne a takarda, nawa ne suka zo aiki yau, kuma kuɗin alli da tsintsiya da ake karɓa a hannun yara, a wane littafi ake rubuta shi.