Wa ke da Hakkin Zaɓa wa Asibiti Kwamfuta?

A shekarar 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da shirin zuba bayanan marasa lafiya na Ingila cikin kwamfuta, ta yadda likita a Landan zai iya duba tarihin majinyacin da aka taɓa yi wa magani a wani gari. Niyyar ba ta da aibu. Fayil ɗin takarda yakan ɓace, rubutun likita yakan gagari mai ba da magani, kuma akan rasa rai a kan haka.

A 2011 aka sanar da wargaza shirin. Bayan shekara biyu, kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya ce abin da zai lashe ya kusa fam biliyan 10.

Daga sama aka yanke shawarar. An raba ƙasar shiyya biyar, aka ba manyan kamfanoni kwangila cikin gaggawa. Accenture ta janye a 2006, aka raba gari da Fujitsu a 2008. Likitoci da ma'aikatan jinya, waɗanda za su wuni suna danne-danne majinyaci na jiransu, ba a ji ta bakinsu yadda ya kamata ba. An yi musu aski a bayan idonsu.

A ganina wannan ya wuce kuskuren lissafi. Mai sa hannu a kwangila ba ya cikin ɗakin haihuwa da tsakar dare idan manhaja ta tsaya cak. Shi ke zaɓa, wasu ke ɗaukar nauyin, kuma majinyacin da abin ya fi shafa ba shi da kujera a zauren taron. Kuɗin da aka kashe kuwa na gadaje ne da magani da albashi.

Sai dai shugaban da ya ce sai kowane likita ya yarda kafin ya motsa, shi ma bai fita ba. Mutane na ƙin abin da ba su saba da shi ba, kuma wanda ya mutu saboda ɓatan fayil ba a rubuta sunansa a rahoton kowa. Don haka jinkiri ya fi sauƙin ɓoyewa, na kuma fi zarginsa.

A cikin shirin akwai abin da ya tsira: adana hotunan ƙashi da na ƙirji a kwamfuta. Wannan matsala ce da ma'aikatan ɗakin hoto suka daɗe suna kuka da ita tun suna neman fim a cikin ambulan, kafin wani kamfani ya zo musu da talla.