Tartsatsin buji da lokacin faɗar gaskiya

A wani gareji da ke bayan tasha a Maraɗi na taɓa yin rabin yini ina jiran a gyara wata tsohuwar Peugeot 504 da za ta kai mu Damagaram. Motar tana tashi, amma ba ta da ƙarfi, tana zafi tun ba a yi nisa ba, tana kuma shan mai fiye da kima. Direba ya riga ya sake buji, ya sa sabon batir, duk a banza. Tsohon makaniken da ya duba ta bai sake mata ko da ƙusa guda ba. Ya sassauta wani noti, ya murɗa delko kaɗan, abin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, ya ɗaure, nan take muryar injin ta sauya. Da na tambaye shi abin da ya lalace, sai ya ce: «Malam, ba abin da ya lalace. Wuta ce ke zuwa a makare.»

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, domin ta taɓo wata tambaya da ta shafi duk wanda aka ba amanar tarbiyya. Shin aikin alheri alheri ne ko da yaushe aka yi shi? Ko kuwa lokacin da aka yi shi yana cikin abin da ke mai da shi alheri ko ɓarna? Kafin mu shiga wannan muhawara, ya kamata mai karatu ya san abin da tsohon ya gyara.

Injin fetur na mota yana aiki ne da zagaye mai hawa huɗu, wanda Bafaranshe Beau de Rochas ya bayyana a 1862, Bajamushe Nikolaus Otto kuma ya ƙera injin da ke aiki da shi a 1876. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, buji ya ba da tartsatsi su kama wuta su tura fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Delko shi ne mai rabon wutar, yana aika ta ga kowane buji bi da bi, a yawancin injina masu silinda huɗu bisa jerin 1, 3, 4, 2. Sunan nasa ma daga kamfanin Delco na Amurka ya samo asali, inda Charles Kettering ya tsara wannan hanya ta kunna wuta da batir wajejen 1910.

Wanda bai san aikin ba zai zaci ana sakin tartsatsi ne daidai lokacin da fistan ya kai ƙololuwa. Ba haka ba ne. Fetur ba ya ƙonewa gaba ɗaya a take, wuta tana buƙatar ɗan lokaci ta ratsa shi. Saboda haka dole tartsatsi ya riga fistan isa sama da ƴan digirori, kamar 5 zuwa 10 in injin na tafiya a hankali, domin ƙarfin wutar ya cika daidai sa'ad da fistan ya fara saukowa. In tartsatsin ya yi wuri da yawa, wuta ta tarbi fistan yana kan hawa ta buge shi, sai a ji injin na ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In aka daɗe a haka fistan na iya hujewa. In kuma ya makara, wutar ta bi bayan fistan da ya riga ya tafi, ƙarfinta ya zama zafi kawai ya fice ta salansa. Fetur ɗaya ne, tartsatsi ɗaya ne, buji bai da laifi. Bambancin da ke tsakanin tuƙi da ɓarna bai kai ƙiftawar ido ba.

Direbobin farko sun san wannan a jikinsu. Motar Ford T, wadda aka yi daga 1908 zuwa 1927, tana da ɗan hannu kusa da sitiyari wanda direba ke gabatar da wuta ko jinkirta ta da shi. Wanda ya manta bai jinkirta ta ba kafin ya tada injin da hannu, ƙarfen juyawar na iya dawowa baya ya karya masa hannu.

To, mu dawo ga mutane. Malamin makaranta ya lura tun watan Nuwamba cewa wani yaro ya fara ja da baya, yana barci a aji, ba ya kawo aikin gida. Ya yi shiru, yana jin nauyin uban yaron, yana cewa a ransa ƙila abin ya wuce da kansa. A watan Yuni yaron ya faɗi jarrabawa, sannan malam ya kira uban ya zayyana masa komai. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar ta zama ihu bayan hari, ba ta haifar da komai ba sai zafin rai. Wani malamin kuma, ranar farko da yaron ya makara, ya tsai da shi gaban ƴan'uwansa ya kira shi malalaci, bai tsaya ya ji cewa uwar yaron ce ke kwance a asibiti ba. Maganarsa ta tarbi zuciyar yaron tana kan hawa, ta buge ta. Yaron ya taurare, daga ranar kuma kunnensa ya toshe ga duk wata nasihar malamin. Su biyun suna da kyakkyawar niyya, kuma su biyun sun cuci yaron.

Mai musu zai ce: gaskiya gaskiya ce, ba ta da rani ba ta da damina, kuma wanda ya koya wa mutane jiran lokaci ya buɗe wa matsorata ƙofa, domin kowane mai gudun faɗar gaskiya cewa yake yi lokaci bai yi ba. Wannan suka tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Sai dai injin da kansa ya ba da amsa, tunda lokacin da ya dace yana gaban ƙololuwa ne, tun abin bai fito fili ba. Mai jiran sai matsala ta nuna kanta ƙarara ya riga ya makara. Hausawa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan suke nufi. Lura da lokaci nauyi yake ƙara wa mutum, domin yana tilasta masa ya yi magana tun ana ganin kamar babu dalili, ya kuma jure a ce ya cika tsegumi.

Akwai wani abin lura game da kuskuren nan biyu. Wutar da ta yi wuri tana da ƙara, kowa na jinta, direba ya garzaya gareji. Wadda ta makara ba ta da ƙara sosai; mota na tafiya, sai dai kasala da zafi da asarar mai, har mai ita ya saba ya ɗauka tsufa ne. Haka zamanmu yake. Muna saurin tsawata wa mai gaggawa, muna tuna masa cewa sauri ya haifi nawa, amma mai jinkiri mukan yi masa uzuri, mu kira jinkirinsa haƙuri ko kara ko alkunya. Waɗannan halaye ne masu daraja, zaman tare ba ya yiwuwa sai da su. Amma karar da aka yi wa uba a Nuwamba, ɗansa ne ya biya kuɗinta a Yuni.

Har ila yau, a tsohon delko akwai ƴan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa, waɗanda makanikai ke kira bis filatine. Rabuwarsu ce ke haifar da tartsatsi. Ɗan dundunin da ke buɗe su yana cinyewa a hankali, tazararsu ta ragu, wuta ta riƙa makara ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Shi ya sa gwani yake fara daidaita tazarar, wajen milimita 0,4, kafin ya taɓa lokacin wuta, kuma yake sake dubawa bayan an yi tafiya mai yawa. Ɗan Adam ma in aka bar shi da halinsa, wajen jinkiri yake zamewa. Malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa ya fi sabon malami haɗarin cewa bari sai gobe, domin ya ga yara da yawa, idonsa ya saba.

Kuma babu lokaci guda da ya dace da kowane hali. In injin na juyawa sau 3000 a minti, mai silinda huɗu na buƙatar tartsatsi 100 a kowace daƙiƙa, fistan na gudu amma wuta ba ta ƙara sauri daidai da shi, don haka cikin delko akwai ƴan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa da gudun injin su ƙara gabatar da wutar. Gwargwadon saurin al'amari, gwargwadon yadda za a riga shi. Yaron da labarin duniya ke iske shi a wayar hannu ba zai jira shekarun da iyayensa suka jira kafin a yi musu wasu maganganu ba.

Motocin yau kwamfuta ce ke lissafa musu lokacin wuta, da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta ja wutar baya da kanta. Malami da uba ba su da wannan na'ura, kunnensu kawai gare su. Tsohon makaniken nan ya fara ne da alamar da masana'anta ta yi a kan puli da ɗan ƙwan fitila mai kamawa in bis filatine sun rabu, amma bai tsaya a nan ba. Ya shiga motar tare da mu, ya sa direba ya taka mai a babbar giya daga ƙaramin gudu, ya karkata kai yana saurare. Ya ji ƴar ƙara, ya sa aka tsaya, ya mai da delko baya kaɗan, sannan ya sallame mu. Ƙa'idar littafi ita ce mafari, hukuncin ƙarshe kuwa sai an saurari wanda ake yi wa aikin.

Ƴan'uwana malamai, kowanenmu yana da yaro ɗaya ko biyu a aji waɗanda ya daɗe yana cewa zai kira su gefe ya ji damuwarsu. Ya kamata mu tambayi kanmu tun yaushe muka fara faɗin haka, kuma watanni nawa suka rage kafin jarrabawa.