Ɗakin Wasan Yara A Ƙarƙashin Gida: Domin Yaro Ne Ko Domin Hutun Iyaye?

Filin wannan mako zai duba wata al'ada ta mutanen Amurka da Kanada wadda iyalan Musulmi mazauna can suka taras kuma suka ɗauka, watau keɓe wa yara ɗakin wasa a ƙarƙashin gida. Wanda bai san ƙasashen nan ba zai zaci magana ce ta magina da kafintoci. Alhali kuwa akwai tambaya ta tarbiyya a cikinta wadda ta shafi kowane uba da kowace uwa: idan aka ware wa yaro wuri, aka ƙawata shi, aka cika shi da kayan wasa, shin haƙƙinsa ne aka ba shi, ko kuwa dabara ce aka yi don a huta da hayaniyarsa?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin asalin wannan ɗaki. A arewacin Amurka da Kanada sanyin hunturu yakan daskarar da ƙasa, ruwan da ke cikinta ya zama ƙanƙara, ya kumbura, ya ɗaga abin da aka gina a kai. Saboda haka dokar gini ta tilasta a haƙa harsashi har ya wuce inda daskarewa take tsayawa. A jihar Minesota, inda Musulmi 'yan asalin Somaliya suke da yawa, zurfin da doka ta nema inci 42 ne a kudancin jihar, inci 60 kuma a arewacinta. To, tun da an riga an yi wannan haƙa, sai magina su ƙara zurfi kaɗan, a sami fili mai faɗin gidan a ƙarƙashinsa. Da can wurin ajiyar kwal ne da injin ɗumama gida da kayan wanki. Daga baya masu gida suka shiga lulluɓe bangonsa, su gyara daɓensa, su sa fitilu, ya koma ɗaki kamar sauran ɗakuna. Da yake sanyi yakan tsare yara a cikin gida watanni da dama, wannan wuri shi ne ya zama filin wasansu.

Babu shakka niyyar tana da kyau, domin wasa haƙƙin yaro ne. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, ƙawayenta suna zuwa, shi kuwa yana turo mata su domin su ci gaba da wasansu. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana dusashe basirarsa, har ya shiga neman hanyar guje wa karatun baki ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sanya hutu da wasa a sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989. Wanda ya tanadi wurin wasa bai yi laifi ba. Abin dubawa shi ne yadda ya tanade shi, da abin da ya gabatar a kan wani.

Abin da ya kamata a gabatar shi ne lafiyar yaro, domin ita ce amanar farko, kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana da haɗurran da ido ba ya gani. Akwai wata iska mai suna radon da ke fitowa daga ƙasa sakamakon rugujewar ma'adinin yuraniyom. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga ta tsagogin daɓe da bango, kuma a ɗakin da ya fi kusa da ƙasa take fi taruwa. Jama'ar Amurka sun farga da ita sosai a shekarar 1984, sa'ad da wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerik, a jihar Fensilbeniya, ya riƙa tayar da na'urar gano tururin nukiliya yayin da yake shiga wurin aiki, aka bincika aka tarar daga gidansa yake kwaso shi. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa wannan iska tana jawo mutuwar mutane wajen 21,000 a shekara ta hanyar sankarar huhu, kuma ita ce sanadi na biyu bayan shan taba. Gwajinta ba shi da tsada, maganinta kuwa bututu ne da fanka waɗanda ke zuƙo ta daga ƙarƙashin daɓe su fitar da ita ta saman rufi. Uban da ya sayi fenti mai kyau da darduma mai laushi bai gwada iskar da ɗansa zai yini yana shaƙa ba, lalle ya fara ta inda ya kamata ya ƙare.

Haka nan danshi yakan kama irin wannan ɗaki, funfuna ta fito a bayan allon bango da ƙarƙashin kafet, ta tayar wa yara da asma. Shi ya sa ake ba da shawarar kada laimar iskar ɗaki ta kai kashi 60 cikin 100. Injin ɗumama gida, wanda galibi a nan yake, yana iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, don haka tilas a raba shi da wurin yara da ƙofa mai kulle, a kuma kafa na'urar gargaɗi. Tilas a sami taga mai faɗin da mutum zai fita idan gobara ta tare matakala. Idan tsohon gida ne, a tuna cewa sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Kabad da durowa a ɗaure su da bango, domin yaro mahayi ne. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi wajen miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo a kan yara sun kashe su. Duk waɗannan ayyuka baƙo ba zai gan su ya yaba ba, amma su ne ainihin riƙon amana. Rigakafi ya fi magani.

Bayan lafiya sai yawan kaya. Fili mai faɗi yana kiran a cika shi, iyaye kuma sukan auna ƙaunarsu da yawan abin da suka saya, musamman waɗanda suka tashi cikin rashi kuma ba sa so 'ya'yansu su ɗanɗana shi. Wannan tausayi ne na gaskiya, amma yana iya zama almubazzaranci, kuma yaron da ake yi dominsa shi ne ke cutuwa. A wani bincike na Jami'ar Toledo ta jihar Ohayo da aka buga a 2018, an lura da yara 36 'yan wata 18 zuwa 30, wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Sa'ad da kayan suke 4, yaran sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Ke nan tulin kaya yana raba hankali. Dabara mai kyau ita ce a fito da kaɗan, a ajiye saura, a riƙa musanyawa bayan 'yan makonni. Abin da yaro ya girme masa kuwa a sa shi ya zaɓa da hannunsa ya kai wa wanda ba shi da shi, domin ta haka ake koyon sadaka tun ana ƙarami.

Tsarin ɗakin shi ma darasi ne. A 1907 likitar nan ta Italiya, Mariya Montesori, ta buɗe makarantarta ta farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, ta sa kujeru da tebura da kantoci daidai tsawon yara, kowane abu da mazauninsa. Ta lura cewa yaro yana son tsari idan an sa tsarin inda hannunsa zai kai. Saboda haka kanta ta zama gajera, kwando ya zama buɗaɗɗe, a raba wurin karatu da wurin gini da wurin tsalle-tsalle, kuma a saba wa yaro da mayar da abu inda ya ɗauko kafin ya hau sama. Idan uwa ce kullum take bin baya tana kwashewa bayan sun yi barci, ɗaki zai yi tsabta, amma yaro zai tashi da zaton cewa akwai wanda aka halitta domin ya gyara ɓarnarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da ado kuwa, wurin da rana ba ta shiga sosai yana bukatar fenti mai haske da isassun fitilu. Malamai sun yi rangwame a kan 'yan tsanan yara bisa hadisin Nana A'isha, sun kuma yi saɓani a kan rataye hotunan masu rai a bango. Wanda yake so ya fita daga saɓani yana da itatuwa da taurari da taswira da haruffa, yana kuma da zanen da yaran suka yi da kansu, wanda ya fi musu daɗi a kan duk wani ado na kanti. Abin gudu shi ne ɗakin da aka ƙawata domin a nuna wa baƙi, har ana tsawata wa yaro kada ya ɓata shi. Wannan ɗakin na iyaye ne, sunan yaro kawai aka ara.

Saura babbar matsalar, watau nisa. Ɗakin yana ƙarƙashi, iyaye suna sama, tsakaninsu akwai matakala da ƙofa. Wani zai ce iyaye ma suna da haƙƙin hutu, kuma yaron da ba a taɓa ɗauke ido daga kansa ba ba zai koyi dogara da kai ba, ba zai koyi sasantawa da 'yan'uwansa ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu laifi ga uwar da ta yini tana aiki ta sami sa'a guda ta shiru. Amma akwai bambanci tsakanin ba yaro sarari da fitar da shi daga rayuwar gida. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa ya tsawaita sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya gaggauta masa ba. Idan salla, wadda ita ce mafi girman aiki, ba ta sa an kawar da yaro ba, to kallon talabijin da hira da baƙi ba su isa su zama dalili ba.

Yaro yana koyon ladabi ne ta hanyar gani da ji. Wanda ya tashi a tsakar gida ya san cewa wasa a gefen turmi da murhu shi ne inda ake koyon gaisuwa da karɓar baƙo da yadda manya suke magana. Yaron da aka saukar ƙasa tun safe, aka kunna masa talabijin, ya rasa wannan makaranta, wani malami dabam kuma ya karɓe shi wanda iyaye ba su san abin da yake koyarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban irin waɗannan na'urori, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a guda a rana.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A sa kujerar babba a ɗakin wasan, kuma a zauna a kanta. A bar ƙofar matakala a buɗe idan yaran sun isa hawa da sauka, ƙanana kuwa kada a bar su su kaɗai. A ajiye kwandon kayan wasa guda a falo, domin yaro ya san cewa ana marhabin da shi a inda manya suke. Uba ya sauka wani lokaci da dardumarsa ya yi nafila a can, ko ya durƙusa ya taya su gini, ko da na minti goma ne.

Da wannan za a amsa tambayar da aka fara da ita. Idan iskar ɗakin lafiyayya ce, kayansa daidai gwargwado, tsarinsa a hannun yaro, kuma sawun iyaye bai yanke daga matakalarsa ba, to haƙƙin yaro ne aka bayar, iyaye kuma za su sami hutunsu da lada tare. Idan kuwa an zuba dukiya ne domin a rufe ƙofa, to ranar da yaron ya girma ya rufe tasa ƙofar, kada a yi mamakin inda ya koya. Kowane mai gida za a tambaye shi game da waɗanda aka ba shi kiwo. Allah Ya shirya zuriya, Ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.