Gara Ta Ci Dirka, Amma Wa Ya Zaunar da Mutum a Ƙarƙashin Rumbu?

A ƙasar Azande, wadda iyakoki suka raba a yau tsakanin Sudan ta Kudu da Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a kan dogayen dirkoki ake ɗora rumbu, har mutum ya iya zama a ƙarƙashinsa. Idan rana ta take, nan ne wurin shan inuwa, a taɓa hira, a yi ɗan aikin hannu. Gara kuwa tana cikin itacen tana cinsa a hankali. Wata rana sai dirka ta karye, rumbu ya rufto da nauyin tambar da ke cikinsa, ya danne na ƙasa. Idan aka tambayi dangin mamacin abin da ya faru, amsarsu ɗaya ce: maita.

Wani ɗan Ingila mai suna Edward Evans-Pritchard ya zauna cikin waɗannan mutane kimanin wata 20 tsakanin 1926 da 1930, kuma a 1937 ya fitar da littafinsa kan maita da duba da tsafi a wurinsu. A zamanin, ra'ayin da ke tashe a Turai shi ne na masana irin su Bafaranshen nan Lucien Lévy-Bruhl, wanda ya ɗauka cewa tunanin irin waɗannan al'ummu bai bin ƙa'idar hankali yadda na Bature ke bi. Evans-Pritchard ya koyi harshensu, ya yi ta musu da su, sai ya tarar da abin da ya rushe wannan zato. Babu Bazande ɗaya da bai san gara ke cin itace ba. Babu wanda bai san zafin rana ne ya kai mutane inuwa ba. Abin da suke tambaya daban ne: me ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a daidai wannan lokaci, a kan wannan mutum? Jiya ma an zauna a wurin, shekaranjiya ma haka, rumbu bai faɗo ba.

Ya ba da labarin wani yaro da ya yi tuntuɓe da kututture a kan hanya, yatsansa ya ruɓe. Baturen ya ce masa ai rashin lura ne. Yaron ya amsa cewa ya san kututturen ba maye ya shuka shi ba, amma shi kullum yana duba gabansa, kuma ya sha jin ciwo ya warke cikin 'yan kwanaki, to me ya hana wannan warkewa? Ruwa ba ya tsami banza, haka Bahaushe zai faɗi maganar yaron. Su kansu Azande da misalin farauta suke bayani: wanda ya fara sukar dabba da wanda ya soke ta na biyu, duka suna da rabo a naman. Giwar da ta take mutum ita ce mashin farko, maita ce mashi na biyu.

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta fi dacewa a shiga ilimin nazarin ɗan'adam da ita, wanda jami'o'i ke kira antiropoloji. A Amurka, tun zamanin Franz Boas da ya koyar a Jami'ar Kolumbiya daga ƙarshen ƙarni na 19, an saba raba ilimin gida huɗu: masu nazarin jiki da gado, masu tonon ƙasa don gano rayuwar mutanen da, masu nazarin harshe, da masu zama cikin jama'a su koyi al'adarsu. Kowane gida ya ƙware wajen amsa yadda abu ya faru. Kuma kowane, idan ya bi aikinsa har ƙarshe, sai ya tarar da mutum tsaye yana cewa, to ni me ya sa?

A ɗauki masu nazarin jiki. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana, Hausawa na cewa tana wabi. Yarbawa na da abiku, Ibo na da ogbanje. An yi ta sa wa irin waɗannan yara sunaye na nuna ko-in-kula don mutuwa ta kau da kai, an yi ta zargin kishiya da maƙwabciya. A 1954 Anthony Allison, likitan da ya tashi a Kenya, ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar halittar sikila daga ɓangare ɗaya kawai yana samun kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a inda sauro ya yawaita. A 1958 kuma Frank Livingstone ya ɗaure zancen da tarihin noma a Afirka ta Yamma: da mutane suka sare daji suka kafa gonaki da ƙauyuka, suka samar wa sauro kududdufai, sai zazzaɓi ya ƙaru, ƙwayar ta bazu. Wannan bayani ne mai ƙarfi, ya haɗa jini da gona da sauro wuri guda, kuma wani kaso na mutuwar da ake kira wabi amosanin jini ne, wato sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar, shi ya sa a 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure.

Sai dai ga inda bayanin ya tsaya. Idan mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya, ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar. Likita zai iya faɗin wannan da tabbaci. Ba zai iya gaya wa uwa dalilin da ya sa wani gida mai irin jininsu ya haifi biyar lafiya lau, ita kuma uku cikin huɗu nata suna kwana kuka da ciwon ƙashi ba. Zai ce dace ne, lissafi ne. Uwar ta fahimci lissafin sarai, amma ba shi ta tambaya ba.

Masu tonon ƙasa sun nuna cewa damuwar ta girmi duk wani rubutu. A shekara ta 2000, Paul Sereno da tawagarsa suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare a hamadar Tenere ta Nijar, sai suka faɗa kan maƙabartar Gobero, mai kaburbura kusan 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru. A cikin wani kabari mai shekara sama da 5,000 an sami mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kuma burbushin da aka samu a ƙarƙashinsu ya sa masu binciken suka ce a kan furanni aka shimfiɗe su. Ƙashi na iya faɗin shekarun mutum da abincin da ya ci. Tsarin kabarin kuwa yana nuna mutanen da ba su ɗauki mutuwar mutum uku a lokaci guda a matsayin abin da za a share a wuce ba. Masu nazarin harshe su ma nan suke kasa kunne, su ji wa jama'a ke ambata a matsayin mai aikatawa idan masifa ta auku. Joseph Greenberg, wanda daga baya ya tsara dangantakar harsunan Afirka ya sa Hausa a reshen Cadi, da addinin Maguzawan ƙasar Kano ya fara, a ƙarshen shekarun 1930, yana tambayar wane iska ne ake danganta wace cuta da shi.

To idan tambayar ta kowa ce, shin kowace amsa daidai ce? Nan ne ilimin ya fi shan suka, domin darasin farko da ake koya wa ɗalibi shi ne ya fahimci al'ada da ma'aunin masu ita kafin ya yanke hukunci. Evans-Pritchard ya yi hakan da gaske. Ya bayyana yadda mai majinyaci ke zuwa daji da asuba da 'yan tsaki, a ɗura wa tsako wani dafi da ake kira benge, a ambaci sunan wanda ake zargi, a ce idan shi ne tsakon ya mutu, sa'an nan a maimaita da wani tsakon a juya sharaɗin don tabbatarwa. Idan suna ya fito, sai a aika wa mutumin da fiffiken tsakon cikin ladabi. Shi kuma ya guntsi ruwa ya fesa a kan fiffiken, ya ce bai san da abin a cikinsa ba, in kuwa akwai to ya huce. Yawanci a nan magana ke mutuwa. Mai karatu Bahaushe zai ga kama da abin da ya sani: ƙanƙarar da ake cewa tana cikin maye, kurwar da ake cewa ya kama, da tilasta masa ya tsallake majinyaci.

Baturen ya ce shi ma da wannan duba ya riƙa tafiyar da al'amuran gidansa a can, kuma bai ga ya cuce shi ba. Duk da haka ya faɗa ƙarara cewa mayu, yadda Azande ke siffanta su, babu su. A 1964 masanin falsafa Peter Winch ya ƙalubalance shi, yana ganin ya auna maganar Azande da ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje, alhali ba irin wannan magana suke yi ba. Winch yana da hujja a kan tambayar, amma bai da ita a kan amsar. Wanda ya ce maƙwabcinsa ne ya kashe masa ɗa ya yi iƙirari a kan wani mutum mai rai, kuma ko dai mutumin ya aikata ko bai aikata ba. Littafin kansa ya nuna cewa sunayen da ake gabatar wa tsako na waɗanda ake da 'yar tsama da su ne, kuma talaka ba ya ambatar sunan ɗan gidan sarauta. Dafin bai taɓa zaɓo baƙo daga nesa ba. Abin da ke zuciyar mai tambaya ake miƙa masa.

Malaman Musulunci sun daɗe da wannan muhawara ta sababi da abin da ke bayan sababi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi misali da wuta da auduga: ido na ganin haɗuwarsu da ƙonewar da ta biyo baya, amma mai ƙonawa na haƙiƙa Allah ne. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya musanta sabubba ya musanta ilimi. Tun kafin su, lokacin annobar Amwas wajajen shekara ta 639, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddara take. Imani da ƙaddara ya yarda akwai tambaya ta biyu, bai raina mai yin ta ba, amma ya ɗauke amsar daga kan maƙwabci. Wanda ya ce wa mai makoki sai haƙuri, kwana ne ya ƙare, ya rufe ƙofar da ake bi a je a kamo wata tsohuwa. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga zaman tare, ko da yake kowa ya san zargin maita da sammu da kambun baka bai bar garuruwan Musulmi ba.

Akwai kuma wani abu da Azande suka kiyaye wanda ya kamata mai imani da ƙaddara ya kiyaye. Ba su yarda a fake da maita a inda sakaci ya bayyana ba. Maginin tukwane da ya bar tsakuwa a cikin yumɓu, tukunya ta fashe a wuta, ba a saurarensa idan ya ce maye ne. Maƙaryaci da mazinaci ma ba su da wannan mafaka. Sai an gama da mashin farko ake zancen na biyu. Jirgin ruwan da aka labta wa mutane ninkin abin da zai iya ɗauka, ginin da aka rage wa siminti, aure tsakanin masu AS biyu bayan sakamako ya fito, duk suna da mai laifi ko mai zaɓi kafin a kai ga maganar hukuncin Allah, kuma Umar bai shiga garin annoba ya ce a bar wa Allah ba.

Inda aka bar amsar a kan mutane, ana iya ganin waɗanda take faɗawa kansu. A arewacin Ghana akwai matsugunai kamar na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita ke fakewa ƙarƙashin kariyar sarki, galibinsu tsofaffi ne da zawarawa da ba su da mai tsaya musu. A watan Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba, bayan wata bokanya ta nuna ta, jama'a na tsaye suna kallo, wani na ɗauka da waya. Hoton ya girgiza ƙasar. A Yulin 2023 majalisar dokokin Ghana ta amince da ƙudurin da ya mai da zargin mutum da maita laifi, amma shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ƙi sa hannu, yana kafa hujja da tsarin mulki kan hanyar da aka bi aka gabatar da ƙudurin. Matan da ke matsugunan suka ci gaba da zama a can, domin ko an ce su koma gida, mutanen da suka kore su suna nan, kuma yaro na gaba da zai yi zazzaɓi a unguwar sunansu za a fara kira.