Gini Zai Jira Ka, Yaro Ba Zai Jira Ba

'Ya'yana da ke zaune a Aston ta Bamingam da kewayenta, ku kasa kunne, magana ce ta uba.

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen filin ƙwallo na Villa Park ya ga wani katafaren gida na jan bulo a kan tudu, tsakiyar lambu. Aston Hall ke nan. Wani attajiri, Sir Thomas Holte, ya aza harsashinsa a 1618, ba a gama ba sai 1635. Shekara 17 yana gini. Har Sarki Charles na Ɗaya ya kwana a ciki a 1642. To, maigidan nan ya ɓata da ɗansa Edward saboda ya yi auren da uban bai so ba, alhali yarinyar 'yar Bishop ɗin Landan ce. Sarki da kansa ya sa baki, tsoho ya kafe. Zazzaɓi ya kashe Edward a Oxford a 1643, ba su shirya ba. Uban ya ƙara shekara 11 a cikin ɗakunansa masu yawa, ya mutu a 1654, ɗan Edward ɗin nan kuma shi ya gaje shi. Yau gidan ya zama na tarihi, baƙi ke shiga suna ɗaukar hoto.

Kada ku ce wannan labarin Turawan da ne. Wane ne a cikinmu ba shi da gini a Jos, ko Sabon Tasha, ko Kafanchan? An kai linta, saura rufi. An yi rufi, saura tayil. Saboda shi ake karɓar aikin dare a kan na rana, ana cewa, "Bari in gama wannan, sai in huta da yara." Ban raina aikinku ba. Na san kuɗin haya, da na wuta, da 'yan'uwa a gida masu jiran saƙo ƙarshen wata. Amma ginin nan ko shekara 10 ka bar shi, za ka tarar da shi inda yake, sai dai ciyawa. Yaron da ka bari yana barci da asuba ka dawo ka same shi yana barci, shi kam ba ya tsayawa.

Ku yi lissafin da kanku. A ƙasar nan yaro yana shekara 11 ya shiga sakandare, yana 16 ya rubuta GCSE, yana 18 ya ɗaure akwati ya nufi jami'a a Mancesta, daga nan sai ganin hutu, in ma ya ga dama. Daga ranar da ya fara riƙe abu a ransa zuwa ranar tafiyarsa, Kirsimeti nawa ke nan? Ba su kai 15 ba. A Disamba kuwa rana tana faɗuwa a Bamingam tun kafin ƙarfe huɗu, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, mako ya wuce bai ankara ba. Ba banza Musa ya roƙi Ubangiji a Zabura 90 ya koya mana ƙirga kwanakinmu ba. Mu dai mun iya ƙirga awannin aiki.

Ku tuna kuma, tun watan Maris na 2024 aka hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi kawo iyalansu. Akwai uwar da ke zama kusa da ke a sujada, 'yata, wadda sai ta waya take ganin 'ya'yanta. Abin da take azumi a kansa, ke yana ɗakinki.

Me yaro zai riƙe? Ba waya mai tsada ba. Kafin baɗi ta tsufa. Zai riƙe ƙamshin miyar kuka ran Lahadi bayan an tashi daga coci, da muryar babansa yana jan waƙa daga Littafin Waƙoƙi ko da muryar ta karkace, da addu'ar dare da Hausa. Tun 1932 kakanninmu suke da Littafi Mai Tsarki a harshen nan, da shi da yawansu suka koyi karatu; abin kunya ne ya yanke a hannunmu saboda gajiya. Ka ɗauki yaron ku je kallon ƙwallo, ba zunubi ba ne: kulob ɗin Aston Villa ma samarin wata majami'ar Methodist ne suka kafa shi a 1874. Ki sa 'yarki ta gai da kakarta ta WhatsApp, ko Hausar tana karyewa, tsohuwa za ta yi dariya ta gyara mata. Tsohuwar ma kwananta ƙirgagge ne, kuma tikitin zuwa jana'iza bai taɓa maye gurbin gaisuwa ba.

Saura maganar fushi, wadda ta fi cin lokaci. Yaran da suka tashi a nan za su ɓata muku rai: da suturarsu, da amsa magana, da wanda za su kawo su ce shi suke so, wataƙila ba ɗan garinku ba, ba ma ɗan Najeriya ba. Ku tsawata, haƙƙinku ne. Amma kada ku rufe ƙofa. A Luka 15 uban ne ya ruga a guje tun ɗan yana nesa, bai zauna jiran a zo a durƙusa ba. Girman kai na iyaye yana sa rigar tarbiyya, amma girman kai ne.

Saboda haka, ɗana, in an kira ka ƙarin aiki Lahadin nan, ka ce ba ka da hali. Ku ci abinci a kwano ɗaya, a ajiye wayoyi. Wanda kuma kuka daina magana da shi, ɗa ne ko uwa ko ɗan'uwa, kai za ka fara kira, yau ɗin nan. Ubangiji ya ba ku ikon yi.