Sabatin Makau

Mu mutanen Gwantu, da yake ƙasarmu ta daɗe a ƙarƙashin Jama'a, Jama'a kuwa a da Zariya take kai gaisuwa, labarin Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ba baƙo ba ne a kunnenmu, ko da yake ƙalilan ne suka tsaya suka yi tadabburin halin da ke cikinsa, wanda malamai ke kira sabati, wato tabbatar zuciya a ranar da ƙafa ta ja da baya.

Yana filin Idi a bayan garin Zariya rundunar jihadi ta Malam Musa ta faɗo, ganuwar kakanninsa ta gagare shi shiga. Ba hukuncin jihadi nake yi ba, wannan sai ma'abuta ilmi. Abin da ya kama zuciyata shi ne, mutumin da mulki ya suɓuce masa tsakanin hantsi da azahar, wanda da ya tsere da ransa kaɗai babu mai zarginsa, sai ya tattara fadawansa da duk mai iya binsa, ya yi kudu da su, Kauru ta rufe masa ƙofa, Kajuru ta buɗe, har ya dangana da Zuba, bai yarda ko rana ɗaya a kira shi da sunan da ba Sarkin Zazzau ba.

Duniya ta fi sanin Janar MacArthur na Amurka, wanda Japanawa suka tilasta wa barin Filifin a 1942, ya yi alkawarin komowa, ya kuwa cika a 1944. Cika alkawari abin yabo ne, ba na musu. Amma duk sa'ad da na tuna dubban sojojin da aka bari a Bataan, waɗanda suka ƙare a hanya da hannun maƙiyi kafin alkawarin ya cika, sai in ji nauyin Makau ya rinjaya a ma'aunina, domin shi da amanarsa ya yi hijira.

Allah bai ƙaddara masa sake ganin Zariya ba. A bakin daga ya cika, kusa da Lapai, a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja yanzu, kuma har yau, in maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar fadar nan, Sarkin Zazzau yake kira.